Fugar Zamanin Barok: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Ya Gane Abin da Yake Kaɗawa

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban fiyano, masu kaɗa ogan a coci, da masu sauraro kawai suke yawan maimaitawa idan suka fara cin karo da fuga. Yawancin misalan daga Johann Sebastian Bach aka ɗauko su, domin a kansa aka fi yin rubutu, kuma kayan nazarinsa ne suka fi sauƙin samu.

Mece ce fuga?

Salon tsara kiɗa ne inda muryoyi, galibi uku ko huɗu, suke shigowa ɗaya bayan ɗaya da ɗan gajeren kari guda, wanda za mu kira jigo. Murya ta farko takan fara ita kaɗai. Da ta kai ƙarshen jigon sai ta biyu ta ɗauka a wani matakin sauti, ita kuma ta farkon ta ci gaba da nata karin a gefe. Haka za a yi ta yi har kowace murya ta shigo. Daga nan jigon zai riƙa ɓacewa yana dawowa, wani lokaci a sama, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a tsakiya inda kunne ba ya saurin kama shi.

Murya a nan layin kari ake nufi. Mutum ɗaya ne da yatsu goma yake ɗauke da su duka a kan hafsikod, kilabikod (magabatan fiyano) ko ogan, kayan kiɗan da aka rubuta wa waɗannan fugogi a zamanin Barok, wato daga wajen 1600 zuwa 1750. Yau an fi jin su a kan fiyano.

Ashe ba kamar jagora da 'yan amshi ba ne?

A daƙiƙun farko akwai kama: wani ya faɗa, wani ya amsa. Amma a waƙar jagora da 'yan amshi an san wane ne gaba, kuma idan 'yan amshi suka karɓa jagora yakan numfasa. A fuga babu wanda yake numfasawa don wani ya yi magana, babu kuma shugaba na dindindin. Muryar da ta riƙe jigo yanzu, nan da gaɓa biyu ta koma rakiya. Wanda ya shiga fuga yana jiran muryar sama ta ja ragama har ƙarshe, rabin abin zai wuce shi.

Waɗanne kalmomi ne dole in sani kafin in buɗe littafin nazari?

Ba su da yawa. Jigo shi ne *subject* a littattafan Turanci, *sujet* a na Faransanci. Amsa, wato jigon kamar yadda murya ta biyu ta shigo da shi a tazarar biyar (kamar daga C zuwa G), ita ce *answer* ko *réponse*. Ɗan rakiya shi ne karin da yake bin jigo duk inda ya je, *countersubject* ko *contre-sujet*. Ba kowace fuga ce take da shi ba. Shimfiɗa ita ce sashen farko inda kowace murya take shigowa, *exposition* a harsunan biyu. Ratse shi ne wurin da cikakken jigo ba ya nan, ana wasa da guntayensa ana sauya gidan sauti (wato jerin notocin da kiɗa ya zauna a kai, kamar C babba ko C ƙarami), *episode* ko *divertissement*. Sitireto shi ne rige-rigen shiga: murya ta shigo da jigo tun wadda ta riga ta ba ta gama nata ba.

Sai dabarun sarrafa jigon kansa: a kife shi, inda ya hau ya sauka, a ja shi, kowace nota ta ninka tsawonta, ko a matse shi. Gaɓa kuwa ita ce yankin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye a takardar kiɗa, da lambarta ake nuna wuri a kowane nazari. Idan bugun da ka samu babu lambobin gaɓa, ka fara rubuta su da fensir kafin komai.

Da wace fuga zan fara?

Da fuga ta biyu a littafin farko na *Das Wohltemperierte Klavier*, wadda take gidan C ƙarami, lambarta a jerin ayyukan Bach BWV 847. Muryoyi uku ne, gaɓa 31, jigon yana da sauƙin riƙewa, ratsen a fili suke. Bach ya haɗa littafin farko a Köthen a 1722, na biyu kuma a Leipzig wajen 1742. Kowanne yana da share fage (kiɗan gabatarwa da ke zuwa kafin fuga) da fuga 24, ɗaya a kowane gidan sauti babba da ƙarami, shi ya sa ake kiransu arba'in da takwas ɗin nan.

Mutane da yawa suna farawa da ta ɗaya, C babba, don kawai ita ce a shafin farko kuma share fagenta sananne ne. Wannan zaɓi ne mai wahalar da mai koyo. Muryoyi huɗu ne cikin gaɓa 27, kusan babu ratse, sitireto ne a kan sitireto. Ka ajiye ta sai kunnenka ya saba. Idan ma muryoyi uku sun yi maka yawa, koma ga ƙananan ayyuka goma sha biyar masu murya biyu da Bach ya tsara don koyarwa, waɗanda ake kira *Inventions*, sannan goma sha biyar masu murya uku, *Sinfonias*. Fuga mai murya biyu guda ɗaya ce tak a cikin arba'in da takwas, ta E ƙarami a littafin farko. Masu murya biyar su biyu ne, dukkansu a littafin farko, kuma su ne na ƙarshe da za ka taɓa.

Ina zan sami takardun kiɗan, kuma wane bugu ne abin dogaro?

IMSLP ne babban rumbun kyauta a intanet. Ka nemi aiki da lambar BWV, tsarin lambobin da Wolfgang Schmieder ya fitar a 1950: littafin farko daga 846 zuwa 869, na biyu daga 870 zuwa 893. Sai dai yawancin abin da ke wurin tsofaffin bugu ne da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kuma editocin ƙarni na 19 suna da yawan sa hannu. Bugun Carl Czerny na 1837 cike yake da alamomin ƙarfi da sauri waɗanda Bach bai rubuta ba. A wasu tsofaffin bugu har akwai gaɓa guda da aka cusa a share fagen C babba bayan gaɓa ta 22, wadda ake dangantawa da Schwencke. Irin waɗannan suna da amfani don sanin yadda mutanen wancan ƙarni suka ji Bach, amma kada ka gina nazari a kan alamominsu.

Mai halin saye ya nemi bugun da aka rubuta *Urtext* a bangonsa, na Henle ko Bärenreiter ko Wiener Urtext, waɗanda suke raba abin da ke tushe da abin da edita ya ƙara. Bugun ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, wanda Richard Jones ya shirya, yana ɗauke da sharhin Donald Tovey a kan kowace fuga, sharhi ne mai kaifi da ban dariya wani lokaci. Wanda ba shi da kuɗi kuma yana son tsaftataccen rubutu, akwai *Open Well-Tempered Clavier* na 2015: littafin farko ne, da takardun da aka buga a manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore, da kiɗan Kimiko Ishizaka, duk an sake su kyauta ga kowa.

To na sami takardar. Yaya zan yi nazarin da kaina?

Kafin ka karanta abin da kowa ya ce, ka zauna da fensir. Rera jigon har ka haddace shi. Sannan bi takardar gaɓa-gaɓa, duk inda cikakken jigo ya fito ka ja masa layi, ka rubuta muryar da ta ɗauke shi da gidan sautin da yake. A fugar C ƙarami ga abin da ya kamata ka tarar: muryar tsakiya a gaɓa ta 1, ta sama da amsa a ta 3, ɗan ratse a ta 5 da ta 6, sai ta ƙasa a ta 7. Shimfiɗa ta ƙare ke nan. Jigon ya dawo a sama a gaɓa ta 11, yanzu a gida babba, sai a tsakiya a ta 15 a G ƙarami, a sama a ta 20 an koma gida, a ƙasa a ta 26, sannan na ƙarshe a sama daga ta 29, a kan doguwar notar C da hannun hagu ya riƙe. Shiga takwas ke nan.

Nan ne yawancin ɗalibai suke tsayawa, alhali nan ne aikin yake farawa. Ƙirga shigar jigo kamar kiran suna ne a aji, yana gaya maka wa ya zo, ba ya gaya maka abin da ya faru. Mataki na biyu: nemo masaukai, wuraren da kiɗan yake sauka ya huta a wani gidan sauti, domin su ne suke yanka fuga kashi-kashi. Na uku: dubi kowane ratse ka tambayi kanka daga wane guntun jigo ko ɗan rakiya aka ƙera shi, kuma wane ratse ne ya sake dawowa da muryoyinsa a musanye. A wannan fugar za ka ga 'yan rakiya biyu ne, kuma su da jigo suna ta musayar wuri, wanda yake sama ya koma ƙasa, ba tare da jituwar sautin ta lalace ba. Wannan musaya ita ce injin fugar.

Sai bayan ka gama wannan ka buɗe littafi, ka gwada naka da nasu.

Me ya sa amsar ba ta yi daidai da jigo ba? Kuskuren bugu ne?

A'a. A fugar C ƙarami jigon ya fara da C, B, C, sannan ya faɗo kan G. Da za a ɗaga shi daidai wa daida zuwa tazarar biyar, da nota ta huɗu a amsar D ce. Bach ya rubuta C. Ya yi haka ne don kada kunne ya fice daga gidan asali tun a gaɓa ta uku. Irin wannan amsa da aka ɗan gyara ita ce littattafai suke kira *tonal*, wadda ba a taɓa ba kuma *real*, kamar ta fugar C babba. Ƙa'idar da aka fi koyarwa ita ce idan mataki na biyar na gidan sautin (G a gidan C) ya fito fili a farkon jigo, ana amsa shi da mataki na ɗaya. Tsofaffin littattafai sun ɓata shafuka masu yawa a kan wannan. Ka gane dalilin ka wuce.

Wane littafi zan karanta?

Ya danganta da abin da kake nema. Mai son a bi masa fugogin ɗaya bayan ɗaya, da lambobin gaɓa, zai sami nazarin Ebenezer Prout na fugogi 48, wanda ya fito a 1910 bayan rasuwarsa. Tsoho ne, kyauta ne, kuma ya isa a duba ko an tsallake wata shigar jigo. Dubi amsar da ke biye don sanin iyakarsa. Littafin Hermann Keller na 1965 ya fi shi ɗumi da kula da mai kaɗawa. Na David Ledbetter, wanda Jami'ar Yale ta buga a 2002, shi ne zan miƙa wa mai iya sayen guda ɗaya kawai: rabinsa na farko yana bayanin kayan kiɗan zamanin, saitin sautinsu da salon da Bach ya gada, rabi na biyu yana bin ayyukan ɗaya-ɗaya.

Mai son ya koyi yadda ake sauraro ya nemi *The Art of Fugue* na Joseph Kerman, na 2005. Bai bi dukkan fugogin ba, ya zaɓi wasu ya rubuta gajerun maƙaloli a kansu, yana faɗin abin da ya ji da dalilin da ya sa ya taɓa shi. Mawallafin Jami'ar Kalifoniya ya sake shi kyauta a intanet. Ga ɗan farko kuma, *Open Music Theory*, littafin karatu na kyauta a intanet, yana da babi a kan shimfiɗar fuga.

Mai son jin ta bakin mutanen zamanin, littattafai biyu ne a gaba. *Gradus ad Parnassum* na Johann Joseph Fux ya fito a Vienna a 1725 cikin Latin, hira ce tsakanin malami da ɗalibi, amma saƙar muryoyin da yake koyarwa ta tsohon salon waƙar coci ce, ba irin ta yatsun Bach kai tsaye ba. *Abhandlung von der Fuge* na Friedrich Wilhelm Marpurg, na 1753 da 1754, ya fi kusa, don misalansa da yawa daga Bach ya ɗebo su. Alfred Mann ya fassara manyan sassan duka biyun zuwa Turanci a *The Study of Fugue* na 1958.

Littafina ya ce kowace fuga tana da kashi uku, amma wadda ke gabana ta ƙi shiga tsarin. Ni ne ban gane ba?

Mai yiwuwa ka gane sarai. A ƙarni na 19 makarantun kiɗa, musamman ta Paris, sun ƙirƙiro fugar jarrabawa mai tsayayyen tsari: shimfiɗa, zagayen gidajen sauti a jere, sitireto a ƙarshe, doguwar nota a ƙasa. Littafin André Gedalge na 1901 shi ne fitaccen jagoran wannan salo, kuma masu karatu da Faransanci za su fi cin karo da shi. Horo ne mai kyau ga mai koyon rubutu. Amma an tsara shi ne shekaru da yawa bayan rasuwar Bach, kuma da wuya ka sami fugar Bach da ta cika sharuɗɗansa. Fugar C ƙarami ba ta da sitireto ko ɗaya. Ta C babba ba ta da ɗan rakiya tsayayye, ta fara sitireto tun a gaɓa ta 7. Idan tsarin littafi ya ƙi zama a kan takarda, bi takardar.

Masana biyu sun saɓa a kan fuga ɗaya. Wa zan bi?

Ka karanta su duka, domin a wurin saɓanin ne ake koyon abu. Fugar C ƙarami ce ma misali. Heinrich Schenker ya yi mata nazari a 1926, ya nuna ta a matsayin jiki guda mai tsirowa daga doguwar tafiyar sauti da ke ƙarƙashin notoci. Laurence Dreyfus, a littafinsa na 1996, ya ƙalubalanci wannan, ya ce a fara daga abin da Bach ya ƙera tun farko, jigo da 'yan rakiyarsa da hanyoyin da za a iya musanya su, sannan a ga yadda ya jera su. Na farko zai taimaka maka ka san inda kiɗan ya dosa, na biyu ya nuna maka yadda aka dasa shi. Ko ƙananan abubuwa, irin su a wace nota jigo ya ƙare, ko shiga nawa ce a fugar C babba, ana saɓawa: an fi cewa 24, amma lissafin ya danganta da ko ka haɗa da waɗanda ba su kai ƙarshe ba.

A takarda ina ganin muryoyin, amma a kunne sai su cakuɗe. Me zan yi?

Kaɗa murya biyu kawai, ka bar sauran. Sannan kaɗa ɗaya ka rera ɗaya. Idan kuna da yawa, kowa ya ɗauki murya ku rera tare, ko da a hankali. A MuseScore, idan an raba wa kowace murya layinta, za ka iya kashe wasu ko ka ba kowacce sautin kayan kiɗa daban. Bidiyoyin Stephen Malinowski a YouTube suna zana kowace murya da launinta tana tafiya, suna da amfani sosai a makon farko, amma kada ido ya saba yi wa kunne aikinsa.

Wajen sauraro, gwada mutum biyu a kan fuga ɗaya. Glenn Gould yana rarrabe muryoyi fes, ko da yake saurinsa da salonsa nasa ne shi kaɗai. Angela Hewitt da András Schiff sun fi sassauci. A hafsikod, saurari Gustav Leonhardt, ka ga yadda ake fito da murya ba tare da an ƙara mata ƙarfi ba, sai da ɗan jinkiri da yankan nota. Shirin *All of Bach* na ƙungiyar Bach ta Holan yana da bidiyoyi kyauta a kan kayan kiɗa irin na zamanin. Idan data tana maka tsada, sauke kiɗan Ishizaka da aka ambata a amsar takardu sau ɗaya, ya wadatar.

Solfa kawai na iya, ban iya karanta layuka biyar na takardar kiɗa ba. Zan iya?

Za ka iya farawa. Wanda ya taso a ƙungiyar mawaƙan coci yana rera alto ko teno ya riga ya san yadda ake riƙe layinsa alhali wasu suna nasu, kuma wannan shi ne abin da ɗaliban fiyano da yawa suka rasa. Rubuta jigo da amsa cikin solfa, za ka ga gyaran da aka yi bayani a baya, wajen maganar *tonal* da *real*, ƙuru-ƙuru. Amma dukkan littattafan nazari da layuka biyar suke aiki, kuma fuga tana yawan sauya gida, don haka koyon karatunsu ba makawa. Lura kuma da sunayen notoci: *do* na littafin Faransanci kullum C ne, ba ya motsi kamar na solfar coci, kuma a Jamusanci H ita ce B ɗin Turanci.

Kwamfuta ba za ta yi mini nazarin ba?

Za ta iya nemo maka wuraren da kari ya maimaitu. Akwai music21, kayan aiki na harshen Python da aka fara a MIT, da tarin KernScores inda aka shigar da fugogin cikin tsarin da na'ura take karantawa. Suna da kyau ga mai binciken fugogi da yawa a lokaci guda. Ga mai fuga ɗaya a gabansa, fensir ya fi sauri.

Bach kaɗai ne ya rubuta fuga a zamanin?

Ko kusa. Johann Pachelbel ya bar gajerun fugogi sama da casa'in a kan *Magnificat*, waƙar yabo ta Maryamu da ake rerawa a coci, da yawansu shafi ɗaya ne, kuma babu abin da ya fi su dacewa da mai son yin atisayen neman jigo. Johann Caspar Ferdinand Fischer ya fitar da *Ariadne musica* a 1702, share fage da fuga 20 a gidajen sauti daban-daban. Ɗora fugarsa ta E babba kusa da ta Bach a littafi na biyu ka ga jigo kusan ɗaya a hannu biyu. Dieterich Buxtehude, wanda Bach ya taka da ƙafa daga Arnstadt zuwa Lübeck a 1705 don ya ji shi, yakan saka fugogi a cikin dogayen ayyukan ogan masu sassa da yawa. Akwai Frescobaldi da Froberger kafin su, akwai fugogi shida na Handel da aka buga a Landan a 1735. Mai son tarihin yadda masana suka fahimci fuga kafin Bach ya nemi littafin Paul Walker na 2000. Mai kaɗa ogan kuma, littafin Peter Williams a kan ayyukan ogan na Bach shi ne madogara.

Zan iya ganin rubutun hannun Bach kansa?

Ƙwarai. Shafin Bach Digital yana ɗauke da hotunan rubuce-rubucensa da bayanin kwafe-kwafen ɗalibansa. Asalin littafin farko yana babban ɗakin karatu na Berlin, mafi yawan na biyu kuma yana ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. Ba a buga ko ɗaya ba a rayuwarsa. Sai wajen 1801 aka fara buga su, kafin nan da hannu ake kwafa, shi ya sa bugu-bugu suke saɓawa a wasu notoci. Ka shirya wa wahalar karatu: hannun dama yakan zo da alamar buɗe layi ta soprano, wadda ɗaliban yau ba su saba da ita ba, don haka kowace nota za ta zauna a wani wuri daban da inda ka saba ganinta. Ka riƙe bugun zamani a gefe ka riƙa gwadawa gaɓa-gaɓa.